Jan Ruwan Famfon Dangoma

Kurkunu ya ci wa Hamidu damina biyu a jere. Ana noma yana kwance a zaure, ƙafa a kumbure, ana naɗe tsutsa a tsinke. Shi ya sa ranar da gwamnatin soja ta kafa famfon tuƙa-tuƙa a Dangoma ya kafa wa matarsa Indo doka: ruwan tafki kada ya sake shiga randarsa.

Indo ba ta ƙi ba. Wa ke son miji a kwance, rumbu wayam?

Sai dai ruwan famfon nan shu'umi ne. Za ta ɗebo shi garai-garai da yamma, gari na wayewa ta tarar ya yi ja, da wani maiƙo-maiƙo a sama, ga ƙarnin tsatsa. Ta wanke randa, ta turara ta, ta jefa kajiji, duk a banza. Farar rigar Hamidu ta Juma'a ta koma kalar goro. Ta tambayi maƙwabciyarta Laraba, ita ma haka nata yake, amma Laraba irin mutanen nan ce da ko kunama ka ba su za su ce Allah amfana.

Abin da ya gama rikita ta jiƙon bagaruwa ne. Ta jiƙa don wankan ɗiyarta, kamar yadda uwarta ta koya mata, kafin ta juyo ruwan ya zama baƙi ƙirin kamar tawadar allo. Ta zuba a kwalba, ta ɗauki goyo sai Gwandu, wurin uwar.

Tsohuwa ta ɗaga kwalbar ta duba, ta yi salati. "Ke ɗiyar nan, tun da nike ban taɓa ganin bagaruwa ta yi hakanga ba. Ruwan da ka sauya kama cikin randa, mi zai yi cikin hanjin mutum?"

"To Inna, ƙaƙa zan yi? Malam ya hana na tafki."

"Kurkunu dai mun san shi, ba ya kisa. Wanga hwa?"

Indo ta dawo kanta ya fi ɗaurewa. Masu famfo sun ce tsatsar ƙasa ce kurum, ba ta cutarwa. Inna kuwa ba ta taɓa yi mata ƙarya ba. Ta kwana tana saƙa da warwara, daga ƙarshe tsoron abin da ba ta sani ba ya rinjayi tsoron wanda ta sani. Ranar kasuwar Kalgo ta sayo alif. Kullum sai ta fita da tulu ta hanyar famfo, ta zagaya bayan gari ta ɗebo na tafki, ta kaɗa alif, laka ta kwanta, ruwa ya fito tas. Ai ruwan da ya yi haske haka, in ji zuciyarta, babu abin da zai ɓuya a ciki.

Hamidu har alfahari yake yi a majalisa, wai ruwan famfo a gidan kowa ja ne, sai a gidansa. Iya gyaran randa, in ji shi, ba kowace mace ba.

Damina ta zagayo. Ranar da aka yi ruwan shuka, Indo na tsaye a ƙofa ta ga mijin Laraba ya wuce da sungumi a kafaɗa, rigarsa ja-ja-ja da ruwan famfo, yana takawa lafiya lau. Bayansa wasu, duk masu jajayen riguna. Ta koma ciki. Hamidu na zaune bisa tabarma cikin fararen kaya, ya tsura wa idon sawunsa ido. Wani bororo ya fashe a wurin, farin zaren kurkunu ya leƙo.

Bai yi faɗa ba, da ma ya yi.

"Indo, ni abin ya ɗaure min kai," ya ce a hankali. "Shekara guda ban kai na tafki bakina ba, ko gona da gorana nika zuwa. Ke ko kin yi iyakar ƙoƙarinki, Allah shi yi miki albarka. Ba ni ruwa in sha."

Ta ɗauki moɗa ta buɗe randar. Ruwan na nan garai-garai, har tana hango gindin randa. Ta daɗe a tsaye, ta kasa ɗiba.