Ƙofar Gidan Hegarty

"Ki ce su tsaya a ƙofar Hegarty," in ji Mossie Twomey, daidai lokacin da Dympna ke gyara masa filo.

Tun da likita ya ce a bar shi ya ƙarasa a gida, aka sauko da gadonsa falo, jikin taga, don ya riƙa ganin masu hawa da sauka a Layin Majema. Dympna Scannell, wadda bango ɗaya ya raba gidanta da nasa, ita ke shigo masa da shayi da romo tun rasuwar matarsa.

"Su wa za su tsaya?"

"Masu ɗaukar gawata mana. Kin zaci gidan rawa za ni?"

Kowa a wannan ɓangaren na birnin Cork ya san in an fito da mamaci daga coci, sai an bi da shi ta layinsu, a ɗan dakata a ƙofar gidansa kafin a wuce maƙabarta.

"Ai a ƙofarka za a tsaya, Mossie."

"A tsaya a tawa, a tsaya a ta Hegarty. Yi mini alkawari."

"Na yi. To ina ne Hegartyn?"

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "Shekara arba'in a layin nan, har yanzu baƙuwa! Na gaji, yarinya. Gobe na faɗa miki."

Gobe ta zo, amma maganin da nas ta ƙara masa ya nutsar da shi cikin barci. In ya buɗe ido, rufin ɗaki kawai yake kallo.

Dympna ta sa rigar ruwanta ta fita tambaya. Con Deasy mahauci ya goge hannu a jikin rigarsa, ya ce, "Hegarty? Mashaya ce, can ƙasan layi, inda ake gyaran waya yanzu. Tsohon yana son ya sha na ƙarshe ke nan!"

"Rabu da shi," in ji matarsa daga bayan kanta. "Waccan ta Healy ce. Hegarty gidan burodi ne."

"Ke a lokacin ina kike?"

"Ina neman mijin da ya fi ka hankali, ban samu ba."

Fadan cocinsu bai sani ba, shi ma ba ɗan garin ba ne. Dympna ta bi layin daga ƙasa zuwa sama a hankali, tana ɗaga kai, abin da ba ta taɓa yi ba. Sai ga abubuwa suna fitowa. A saman shagon magani akwai ragowar rubutu da fenti ya kasa rufewa. Ga zoben ƙarfe na ɗaure doki a jikin bangon tsohuwar majema, wadda ta ba layin sunansa ta kuma mutu ta bar shi. Ga tagogi da aka toshe da bulo, ga wurin famfon da mata ke ɗiban ruwa a da. Ta karanta duk sunan da idonta ya iya kamawa. Babu Hegarty.

Ranar Alhamis da la'asar, 'yan yawon buɗe ido na can suna kaɗa ƙararrawar hasumiyar cocin Shandon yadda suka ga dama, Mossie ya cika. Dympna ta rufe masa ido, ta ɗaga taga, ta tsayar da agogon bango, kamar yadda ake yi a nan in an yi rasuwa. Sannan ta zauna, kunyar alkawarin da ta ɗauka ta kama ta kamar yana kallonta.

Ɗansa Fintan ya iso daga Birmingham washegari.

"Ban taɓa jin sunan ba, Anti Dympna. Magani ne kawai ya sa shi sambatu. Kada ki wahalar da kanki."

"Da hankalinsa ya faɗa. Har tsiya ya yi mini."

Falon ya cika da masu gaisuwa, ana ta zagayawa da shayi da burodi. Can sai aka turo Tessie Cronin a kekenta daga gidan tsofaffi, ta haura casa'in, kunne ya yi nauyi amma baki na nan. Ta leƙa akwatin gawar ta ce, "Dube shi! Bai taɓa yin tsaf haka ba yana da rai."

Dympna ta durƙusa kusa da kunnenta. "Inna Tessie, ina ne Hegarty?"

"Daina ihu, 'yar nan, ba a kasuwa muke ba. Wa ke neman Hegarty?"

"Shi. Ya ce a tsaya da shi a ƙofarsu."

Tsohuwar ta ajiye kofinta a cinya.

"Ashe bai manta ba. Ba shago ba ne, gida ne. Uwarsa 'ya'ya sun yi mata yawa, ɗaki biyu kacal. Nora Hegarty kuma ba ta samu haihuwa ba. Sai aka tsallaka titi da shi yana rarrafe, aka miƙa mata riƙo. Haka ake yi a lokacin, ba takarda ba shaida. A can ya girma, har mu yara Mossie Hegarty muke ce masa."

Fintan ya matso. "Bai taɓa faɗa mana ba."

"Me zai ce maka? Da Nora ta rasu yana Ingila yana aikin gini. Ba wanda ya aika masa, wai ai ba ɗanta ba ne. Baƙi ne suka ɗauke ta. Da ya dawo ya ji, bai ƙara kiran sunanta ba."

"Gidan fa?" in ji Dympna.

"An rushe jerin nan duka. Tura ni, in nuna miki. Kuma ki kula da ramuka, ba buhun dankali kika ɗauko ba."

Suka gangara har inda dogon bangon wurin ajiye motoci ya fara. Tessie ta sa aka tsaya, aka koma baya, aka sake tsayawa, tana auna wurin da ƙofar coci da ke tsallake. Daga ƙarshe ta nuna ƙasa da sandarta. A gindin bangon akwai wani farin dutse da magina suka bari, tsakiyarsa ta lotsa saboda sawun mutane.

"Dokin ƙofarta ke nan. Kullum da safe sai ta wanke shi."

Ranar Asabar ana yayyafi aka fito da shi. Masu shaguna suka jawo ƙofofinsu, Con Deasy ya cire hula. An tsaya a ƙofar Mossie kamar yadda aka saba. Da aka gangaro, mai motar gawa ya dubi Dympna, ta ɗaga masa hannu. Ya kashe mota.

Fintan ne ya ce a sauko da akwatin. Shi da mazan layin suka ɗora a kafaɗa, suka juya suka fuskanci bangon da babu ƙofa babu taga. Wata mota da ke son fitowa daga wurin ajiyar ta danna ham, sai direban ya ga abin da ake ciki, ya daina.

Ruwa ya taru a lotsawar dutsen, yayyafi na sauka a kansa.