Amon da Ya Ƙi Mutuwa

Shekara tara Mai Jita yana kiɗan da ba ganga ba waƙa. Tsirkiyar jita ɗaya yake taɓawa, sautin ya ratsa na'urorin sauya sauti shida da ke gaban ƙafarsa, ya fito yana ƙugi kamar jirgi daga nesa.

Ranar nan da hantsi ya gama, ya kashe na'urorin kaf, amma wani siririn amo ya ƙi yankewa.

"Yaya, don Allah zare wayar bangon nan," ya ce da yayarsa da ta shigo shara.

Ta zare, ta ɗaga masa. "Ga ta. Ni fa ban ji komai ba."

Ya toshe kunnuwansa da yatsu. Sai amon ya ƙaru; ashe a cikin kunnuwansa yake.