Dutsen da Shawulu Ya Yi wa Wanka

Shawulu bai taɓa nome kunya goma a jere bai nemi inuwa ba. Amma da ya ji wani ɗan Maraɗi na sayen duwatsun da suka faɗo daga sama a bakin iyakar Jibiya, sai ga ƙarfi ya zo masa. Akwai irinsu ɗaya a gindin rumbunsu na Farfaru, baƙi wuluk, mai nauyin tsiya. A zamanin kakansa har jinin kaza ake zuba masa kafin shuka. Yanzu gidan sun koma coci, Shawulu kuma babur yake so.

Goggonsa Sarai ta tarar da shi yana dirzar dutsen da yashi.

"Kai, mi kake wa dutsen Kaka?"

"Wanka, Goggo. Wa ke kai kaya kasuwa da dauɗa?"

Kwana uku yana fama, har baƙin ya fita tas, ya bi shi da man gyaɗa.

Da Shawulu ya kai shi Jibiya, ɗan Maraɗin ya kara wa dutsen mayen ƙarfe, ya kama. Shawulu har ya fara zaɓen launin babur a ransa. Sai mutumin ya jujjuya dutsen ya ce, "Ina baƙin jikinsa?"

"Ai na cire maka, Alhaji."

"Sannu da aiki. Ƙunar da ya yi wajen saukowa ce shaidarsa, ita masu saye a hannuna ke nema. Wannan kam, kai wa maƙera."

Shawulu ya ɗauko abinsa a ka, ya dawo Farfaru a ƙafa. Sarai ta karɓa, ta tokare ƙofar akurkin kaji da shi.