Ranar Da Aka Sake Hura Tanderu

Tun da aka rufe masana'antar narka ƙarfe, unguwar ma'aikata ta koma kamar gidan makoki. Shaguna suka kulle, samari suka watse, ciyawa ta cinye layin dogo. Amma tsohon da ake kira Sarkin Wuta, wanda ya ƙarar da ƙuruciyarsa a bakin tanderu har ya bar yatsu biyu a can, bai zubar da hawaye ba. Saboda haka da gwamnati ta fito da shirin farfaɗo da yankin, ta gyara lantarki, ta sassauta haraji, ta ɗauki nauyin horar da 'ya'yan tsofaffin ma'aikata, sai ya ce a kai kasuwa.

Abin da ya tsaya masa a rai shi ne autarsa na cikin waɗanda aka horar, kuma ita aka zaɓa ta tuƙa ƙugiyar da ke ɗaukar narkakken ƙarfe. Ta ce ba za ta karɓi aikin ba sai da yardarsa. In ya hana, za ta tattara ta bi yayarta birni. Ranar gwajin tanderu ce ranar ba da amsa.

Amininsa, tsohon mai walda, shi ya janyo shi har cikin masana'antar.

"Kai dai faɗi gaskiya, tsoro kake ji," in ji mai walda.

"Ni? Lokacin da nake gasa fuskata a nan, kai kana can kana liƙe bokitin mata."

"To, sa hular kwanon mana, ko sanƙon naka ya fi ta tauri?"

Suka shiga. Sarkin Wuta ya tsaya cak. Zauren da ya sani baƙi ƙirin, mai hayaƙin da ke sa mutum tofar da baƙin yawu, yau haske ne ke sauka daga rufinsa har ana ganin tsafin daɓe. Sai ƙasa ta fara rawa a ƙarƙashin takalmansa, irin gurnanin da ƙafafunsa suka gane tun kafin kunnensa ya ji. Aka buɗe bakin tanderu. Ƙarfe ya kwararo fari fat, ya fi ƙarfin ido, tartsatsi na tashi kamar an watsa taurari.

"Ikon Allah," in ji Sarkin Wuta a hankali.

Can sama, kusa da rufi, cikin wani ɗan ɗaki na gilashi, ya hango autarsa. Yarinyar da ya taɓa saɓawa a kafaɗa don ta tsinko ganye, ita ce ta sauko da ƙugiya, ta ɗaga tukunyar da ta fi ɗakin kwanansa girma, cike da wuta mai gudu. Tukunyar ta ratsa zauren a sama, ko girgiza babu. Bai san lokacin da ya ɗaga hannu zai yi mata alamar tsayawa ba, yadda suke yi a da. Kafin hannun ya kai kafaɗa, ta riga ta tsayar, ta karkata ta, ƙarfen ya gangara cikin mazubinsa, ko ɗigo bai faɗi ƙasa ba.

"Sauke hannun, tsoho, kada a ce bara kake yi," in ji mai walda.

Da aka ba da hutu ta sauko, ta cire hula, ta durƙusa gabansa, gumi na bin goshinta.

"Baba, manaja yana jira. Me zan ce masa?"

Ya daɗe yana duban tsanin da ta sauko ta kansa, mai tsawo har wuya ya gaji.

"Uwata, ba kya jin jiri a can?"

"Ranar farko kawai, Baba."

Ya ɗauki hular, ya kifa mata a ka, ya ja maɗaurin da kyau.

"Tashi ki koma, kada ƙarfen mutane ya huce. Allah ya yi miki albarka."