Makaroni a Gonar Alhaji Gado

Tun ranar da Saifuddeen ya dawo daga Jidda da agogon gwal da ɗan tumbi, yayarsa Maijidda ta san ta ga ta kanta. Yaron da ta goya, ta share wa majina, shi ne yanzu yake toshe hanci in jaki ya gifta. Ya buɗe gidan abinci a kasuwar ƙauyensu, ya sayo kujerun roba daga garin Rufa'a, ya ce shi ya wuce sayar da dafaffen waken ful da wainar kisra kamar kowa, makaroni zai riƙa dafawa. Duk ƙauyukan yankin ba mai sayar da makaroni sai shi, kuma ba ya gajiya da faɗa.

Kasuwar tana da doka tun zamanin iyaye. In la'asar ta yi sakaliya, mai abinci ya aika da abin da ya rage a tukunya zuwa rumfunan masu tsinkar auduga, baƙin da ke zuwa kowace shekara su yi zango a bakin gonaki. Ɓawon albasa da abin da ya lalace kuwa a kai ramin taki na bayan kasuwa. Wanda ya saɓa, kwamitin dattawa ya ci shi tara. Ba wanda ya taɓa jin nauyin dokar. Mahaifinsu ma, marigayi Malam Hamid, da wannan ragowar ya rayu shekarar da ya iso garin yana ɗan tsinka, kafin ya samu gonar kansa da wurin zama a tabarmar dattawa. Wannan wurin zaman shi ne kaɗai gadon da Maijidda take tinƙaho da shi.

Amma Saifuddeen mai lissafi ne.

"Yaya, ba ki san tijara ba, wato kasuwanci," ya ce mata. "In sunka san za su ci kyauta da marece, wa za ya saye da rana?"

"Mutanen da ko takalmi ba su da, su za su saye makaroninka? Ka ji tsoron Allah, ka tuna Baba."

"Khalas, ya isa, Yaya. Baba zamaninai daban."

Ta kalle shi sama da ƙasa, ta ja tsaki. Duk shekarun da ya yi a waje, abin da ya koyo ke nan.

Sai ya ɓullo da dabara. Da an kira magariba, mutane sun shige masallaci, sai ya loda bokitan ragowar abinci a mota ya je ya juye su cikin tur'a, babban magudanar da ke shayar da gonaki, har da ledoji. Gwanin wayo ya manta abin da kowa a yankinsu na Jazira ya sani: ruwan tur'a ba wucewa yake yi ya ɓace ba, layi ake bi, yau gonar wane, gobe ta wane. Ranar da layi ya zo kan Alhaji Gado, shugaban kwamitin kansa, aka buɗe ruwa ya ƙi shiga alkamarsa. Tsohon ya naɗe wando, ya zura hannu cikin bututu, ya zaro curin leda da makaroni mai ɗoyi. Bai ma tambayi kowa na wane ne ba.

Aka kira Saifuddeen gindin dalbejiyar kasuwa. Maijidda tana daga bayan katanga tana roƙon Allah ya sa ya sunkuyar da kai ya ce ya tuba. Ina! Sai ya zaro walat yana murmushi.

"Gharama ce dai ko, kuɗin tara? Ku hwaɗi ko nawa ne, ina da sauri."

Alhaji Gado ya daɗe yana dubansa. "Ɗan Malam Hamid ne yaf faɗi haka?" Aka karɓi tarar, ba wanda ya ƙara cewa uffan. Saifuddeen ya dawo gida yana cika baki wai ya rufe musu baki. Ita kuwa ba ta saki jiki ba, don ta san shirun mutanen garinsu.

Ba a jima ba azumi ya kama. Kamar kullum, maza suka shimfiɗa tabarmi a bakin hanya, kowane gida ya fito da tirensa, a haɗu a sha ruwa tare da duk wanda ya gifta. Maijidda ta wuni kan murhu. Ta tuƙa tuwon asida, ta yi miyar kuɓewa busasshiya da nama, ta jera a babban tiren mahaifinsu, Saifuddeen ya ɗauka ya fita yana taƙama.

Bayan salla ya dawo da shi yadda ya fita da shi. Ko gefen asidar ba a gutsura ba. An gaishe shi, an matsa masa wuri, amma hannun kowa ya tsallake tirensa ya tafi na gaba.

"Hassada ce," in ji shi.

"Ɗauki," ta ce. "Mu tai rumfuna."

Ta sa shi gaba kamar akuyar da za a kai kasuwa. A bakin gonaki suka tarar da masu tsinka sun kewaye ƙwarya ɗaya ta kunu tsararo. Babbansu, wani dattijo mai suna Adam, ya miƙe ya gaishe ta da ladabi, ya dubi tiren, ya dubi mai ɗauke da shi.

"Allah shi saka miki, Hajiya. Mun ƙoshi." Ya juya ga Saifuddeen. "Kai kuma, ya zol, bawan Allah, ai ka san hanyar tur'a."

Maijidda ba ta yi kuka ba sai da suka iso ramin taki. Ta karɓe tiren daga hannunsa, don bai cancanci ya riƙe shi ba, ta juye asidar da kanta a kan ɓawon albasa. Tana goge tiren da gefen mayafinta ya buɗe baki zai yi magana.

"Kul," ta ce. "Wanga tire dai na Baba ne. Gobe ka nemi naka."