Ranar da Aka Sauko da Na-Sama

Masu ɗaukar kayan ƙaura biyu-biyu suke aiki, kuma in an zo matakalar bene dole ɗaya ya riƙe sama, ɗaya ya riƙe ƙasa. Na sama shi ke kallon kwana yana ba da umarni. Na ƙasa kuwa rabonsa nauyi, da haƙuri, da jin surutun na sama. Wasu abokai biyu sun yi wannan aikin tare tun suna samari har furfura ta cim musu, har mutane suka manta sunayensu na gaskiya, suka koma kiransu Na-Sama da Na-Ƙasa.

Abin haushin, Na-Sama ne ƙaton. Akwai ƙofofin da sai ya karkace yake shiga. Amma tun ranar farko ya cafke saman kabad ya ce shi ne mai ido, ido kuwa daga sama yake aiki. Na-Ƙasa, gajere mai kauri, ya shekara talatin yana mita a kan wannan zalunci, bai kuma taɓa yarda a yi musanya ba ko sau ɗaya. Zamani ne mai daɗi. Sun hau da firiji inda mai gida ya rantse ba zai shiga ba, sun sauko da gadajen da aka harhaɗa a cikin ɗaki ba tare da sun kwance ƙusa ba. In sun dire kaya mai nauyi sai su zauna a kan matakala, gumi na ɗiga, su raba karan sigari guda. Na-Sama ne ke kunnawa, Na-Ƙasa ya ƙarasa, yana cewa shi ko a taba ma ƙasan ne rabonsa.

Duk wannan ya wuce. Ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da Na-Sama a ɗakinsa na hawa na uku, ya fi shekara bai taka ƙasa ba. Na-Ƙasa kan je duba shi duk mako, ya tarar da shi a kujera kusa da taga, an lulluɓe shi da bargo har ƙirji, bakin nan dai na nan yadda yake. A irin wannan ziyarar ce 'yar Na-Sama ta ce tana gyara masa ɗaki a gidanta, a ƙasa, inda za a riƙa fito da shi ya sha iska. Nan da 'yan watanni za a gama, sai ta kira samari masu ɗaukar kaya su sauko da shi.

“Waɗanne samari?” in ji Na-Sama. “Yaran yanzu jan kaya suka iya, ba ɗauka ba. Ni ba mai sauko da ni sai wannan gajeren. Mijinki ya riƙe sama, ni zan gaya masa abin da zai yi.”

Ta dubi Na-Ƙasa ta ce, “Baba, za ka iya kuwa?”

“Ji wata tambaya! 'Yata, uban nan naki ai tun kafin a haife ki nake ɗauke da shi.”

Baki shi ke yanka wuya. Gaskiyar da bai faɗa ba ita ce, ko bokitin ruwa matarsa ba ta barin shi ya ɗaga. Kwanakin baya ya sunkuya zai ɗaura takalmi, tarin masu shan taba ya sarƙe shi, sai ya ji ƙugunsa ya amsa, ya wuni a tanƙware. A ranar da ya yi alkawarin ma sai da ya huta sau biyu kafin ya kai hawa na uku, hannu rabbana, ba ya ɗauke da komai sai kansa.

Matarsa ce ta tasa shi gaba har asibiti, wajen likitar gashin ƙashi. Likitar ta sa shi ya kwanta ya ɗaga ƙafa ɗaya, ƙafar ta hau rawa. Ta ce ya ɗaga rigarsa, sai ga faffaɗar ɗamarar fata irin ta masu ɗaukar kaya, ta yi baƙi don tsufa, an ɗaure ta tamau.

“Baba, aiki za ka je daga nan?”

“Na bar aiki da daɗewa.”

“To wannan fa?”

“Da ita nake wuni. Ita ce ƙarfina.”

Matarsa ta ce, “Likita, da ita yake cin abinci, da ita yake zuwa gaisuwa. Wanka kaɗai ke raba su.”

Likitar ta yi dariya, sannan ta yi masa bayani dalla-dalla. Ta ce Allah ya yi wa kowa tasa ɗamarar a cikin jiki, tsokar ciki da ta ƙugu da ke riƙe ƙashin baya. Shi kuma ya ɗauko ta fata ya ba ta aikin dare da rana, ta cikin ta ga ba a bukatarta, ta kwanta ta yi barci. Ga tarin nan kuma, duk wanda ya yi sai ya girgiza bayan da ba mai tsaronsa. Ta ce in yana son ya ɗauki mutum a kan matakala, to ya rage ɗamara a hankali, ya yi motsa jikin da za ta koya masa, ya kuma rabu da taba, don mai haki ba ya iya riƙe ciki.

Motsa jikin bai yi masa wuya ba kamar kunyarsa. Kowace safiya sai ya durƙusa a tsakar ɗaki kamar mai koyon rarrafe, ya miƙa hannu ɗaya gaba, ƙafa ɗaya baya, yana tangaɗi. Matarsa ta tsaya da tsintsiya a hannu ta ce, “Ikon Allah. Mutumin da ya hau da firiji hawa huɗu, yau ƙafarsa ta gagare shi.” Ya ce ta fita ta ba shi wuri, ta ce ai ba ta gama kallo ba.

Taba kuwa ta gwada masa cewa sabo turken wawa ne. Hannunsa ya riƙa zuwa aljihu shi kaɗai ya dawo wayam. Ya yi faɗa da matarsa a kan ƙarar ƙofar da ta shekara goma tana ƙara bai taɓa ji ba. Mai shagon bakin layi, da ya saba miƙo masa kara tun kafin ya yi sallama, sai da aka roƙe shi ya daina. Sau ɗaya ya karya dokar likita. Ya saya, ya laɓe bayan gida ya kunna, amma da ya sha rabi sai ya ga ya tsaya yana riƙe da sauran, rabin da a da Na-Sama ne ke miƙo masa. Nan ya gane ba hayaƙin ne ya fi yi masa kewa ba. Zaman matakalar nan ne, da ƙuruciya, da ƙaton da ke gefensa yana cika baki. Ya taka guntun da takalmi, ya koma cikin gida ransa a jagule.

Sannu ba ta hana zuwa. Tarin ya lafa, ƙafa ta daina rawa, ɗamara ta koma jikin ƙusa a bayan ƙofa. Ya fara hawa bene da jarkar ruwa, daga baya ya kira surukin Na-Sama suka ɗaure buhunan yashi a kujera suna gwaji. Na-Ƙasa ne ya auna yashin da kansa, yana ƙarawa yana cewa bai kai ba, shi ya san nauyin abokinsa. Surukin, ma'aikacin ofis ne mai sanyin hali, ya sha haki.

Ranar ƙaura da hantsi suka hau. An riga an kwashe kaya, ɗakin ya yi fayau, sai Na-Sama a kan kujerar katako, an ɗaure shi da majanyi a ƙirji, an yaye bargon don kada ya harɗe ƙafar wani. Suka jawo kujerar bakin matakala. Na-Ƙasa ya sauka taki biyu, ya gyara tsayuwa, ya kama ƙafafun kujera, ya ja numfashi har ƙasan cikinsa, ya ɗaure ciki yadda aka koya masa, sannan ya sa duk ƙarfin da ya yi watanni yana tarawa.

Kujerar ta yi sama fit, saura kaɗan ta doki haɓar suruki.

Babu kowa a cikinta, haka hannunsa ya gaya masa. Ya duba gwiwoyin da ke gaban fuskarsa, ƙasusuwa ne biyu a cikin wando mai faɗi. Duk zuwan da yake yi, bargo yake gani da murya, ya ɗauka mutumin na nan a ƙarƙashi. Wani baƙin ciki ya kama shi, irin wanda bai ji ba ko ranar da aka ce abokin nasa ya faɗi. Suruki ya buɗe baki zai yi magana, Na-Ƙasa ya watsa masa harara ta gefen kujera, sai surukin ya haɗiye maganarsa.

Sai Na-Ƙasa ya saki nishi mai ƙarfi. “Wash! Kai, wai me 'yarka ke ɗura maka ne?”

Na-Sama ya ƙyalƙyale da dariya da rabin bakinsa. “Raggo! Riƙe da kyau. Kai kuma yaro, karkato hagu, kwana na zuwa. Hagu na ce!”

Haka suka sauko, taki ɗaya bayan ɗaya, Na-Ƙasa na tafiya da baya yana nishi yana mita. A kowace kwana sai ya ce a dire ya huta, ya dafa bango ya sunkuyar da kai. 'Yar Na-Sama ta biyo shi da ruwa tana yi masa sannu, ya karɓa bai yarda sun haɗa ido ba.

Da suka fito bakin titi, rana ta haske fuskar Na-Sama, ya runtse ido ya buɗe, ya daɗe yana kallon motoci da masu wucewa. Sannan ya juya ga surukinsa, yana taƙama.

“Ka ga abin da nake gaya muku? Dubi yadda na gajiyar da shi. Da yaran nan aka kira, wallahi da sun yar da ni.”

Na-Ƙasa ya dafe ƙugun da ko kaɗan ba ya masa ciwo.

“Da sun yar da kai,” in ji shi.