Kunnen Baba da Ɓerayen Yaya

Yayata ta yi shekaru tana leƙen kunnen ɓera a ɗakin bincike. A gida Likitar Ɓera muke ce mata, har ta gaji da yin fushi.

Da ciwon sukari ya kama Baba, ita ta zaunar da mu. Ta ce can cikin kunne akwai 'yan ƙwayoyi masu kama sauti, sukari ne abincinsu, kuma wasu sinadarai ne da ake kira furotin ke yi musu dakonsa daga jini. In 'yan dakon suka gaza, ji na iya tafiya. A wurin aiki ƙara suke yi wa ɓera, su ga ko zai motsa kunne.

Baba ya ce, "Ni da sukari ya yi wa yawa, ai har tafiyar tururuwa zan ji."

Tun daga nan duk ranar da ta zo, kafin ta ajiye jaka sai ta lallaɓa bayan kujerarsa ta ƙyasta yatsu. Baba ya waiwayo. Ta sauke ajiyar zuciya, ta ce da sauran ji, likitan kunne ya jira. Ni da nake maimaita "ga maganinka" har maƙogwaro ya bushe, na ce mata Baba ba ya ji. Ta ce ai ta gwada. Wa zai ja da mai farar riga? Na gaji, na ja bakina.

Rannan na zauna a kujerarsa ina gyara farce, sai na ga ƙofar falo tar a gilashin talabijin ɗin da ke kashe. Na ɗauko zane na rufe gilashin.

Baba na zaune a kujerarsa Yaya ta shigo, ta ƙyasta yatsu. Baba yana kallon gabansa. Ta sake. Ta tafa hannu da ƙarfi. Ko gezau.

Ta dubi zanen da ke kan talabijin. Ta ce, "A wurin aiki ko ɓera ba ma bari ya ga hannu."

Ta zagaya ta durƙusa a gabansa. Baba ya dube ta, ya dubi zanen, ya gane.

Ta ɗaga murya, "Baba, me ya sa?"

Ya bi bakinta da ido, sannan ya ce, "Kullum a gajiye kike shigowa. Na lura in na waiwayo kina iya cin abinci."